Tarkon Mafarki: Yadda Za Ki Saƙa Naki a Gida

Na farkon da na saƙa bai fito da'ira ba. Wayar hanga na warware na lanƙwasa, na naɗe ta da ƙyallen atamfa, na shiga jan zare da iya ƙarfina kamar mai ɗaure bakin buhun gero. Kafin in kai layi na huɗu zoben ya langaɓe ya koma kamar ƙwan agwagwa, ramin tsakiya kuma ya gudu gefe guda. Ƙanwata ta leƙo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaya, gizon da ya yi wannan saƙar lafiyarsa ƙalau kuwa?" Daga ranar na gane cewa aikin nan ba na ƙarfi ba ne. Ƙulli ɗaya tak ake maimaitawa daga farko har ƙarshe, sauran duk iya hannu ne: sanin inda za a sassauta da inda za a ja.

Tarkon mafarki, wanda Turawa ke kira dreamcatcher, zobe ne da aka saƙa masa raga a ciki irin ta gizo-gizo, aka bar rami a tsakiya, aka sako masa jela ta fata ko zare mai ɗauke da duwatsun ado da gashin tsuntsu. Kin sha ganinsa a hotunan adon ɗaki, ko yana reto a madubin mota, ko an ƙanƙanta shi an yi ɗankunne.

Abin na su wane ne

Ya kamata ki san wannan kafin ki ɗauki almakashi, domin abin yana da masu shi. Asalinsa na Ojibwe ne, ɗaya daga cikin al'ummomin 'yan asalin Amurka ta Arewa da ke zaune a kewayen manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, wato jihohin Minnesota da Wisconsin da Michigan da lardunan Ontario da Manitoba. A harshensu ana kiransa asabikeshiinh, ma'ana gizo-gizo, ana kuma ce masa bawaajige nagwaagan, wanda shi ne ya ba mu "tarkon mafarki". A labarinsu akwai wata uwa mai siffar gizo, Asibikaashi, mai kula da yara. Da jama'a suka yawaita suka bazu nesa har ta kasa kaiwa ga kowane jariri, sai iyaye mata da kakanni suka riƙa saƙa 'yar ragar da kansu suna ratayawa a kan allon goyon da ake ɗaure jariri a kai.

Wata mai binciken al'adu 'yar Minnesota, Frances Densmore, ta bayyana shi a littafinta kan al'adun Ojibwe na 1929. Wanda ta gani ƙarami ne, faɗinsa inci uku da rabi, kusan santimita 9. A da can da zaren da ake murzawa daga bawon wata ciyawa mai ƙaiƙayi ake saƙa shi, a rina shi ja, daga baya aka koma jan zaren ulu. Abin da ta ji daga bakinsu shi ne ragar tana tare duk wata cuta da ke yawo a iska, yadda saƙar gizo ke kama abin da ya faɗa mata. Manyan nan masu jela har ƙasa da ake sayarwa yanzu, daga baya suka zo. A shekarun 1960 da 1970, lokacin da ƙabilun 'yan asalin ƙasar ke haɗa kai don neman haƙƙinsu, wasu ƙabilun suka ɗauke shi a matsayin alamar 'yan uwantaka, a shekarun 1980 kuma ya cika kasuwa. Mutanen Lakota, wata ƙabila daga cikinsu, su ma suna da nasu labarin, kuma a wurinsu gizon namiji ne mai wayo da dabara, sunansa Iktomi. Duk wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba zai ji wannan hali baƙo ba.

Abu biyu zan faɗa a nan in wuce. Na farko, da yawa daga cikin masu abin ba sa jin daɗin yadda masana'antu ke buga shi dubu-dubu da roba ana sayarwa da sunansu. A Amurka tun 1990 akwai dokar da ta haramta sayar da aikin hannu da sunan na 'yan asalin ƙasar ne alhali ba su suka yi ba. Idan kin iya har kin fara sayarwa, ki ce aikin hannunki ne, ki kuma faɗi inda salon ya samo asali. Na biyu, maganar aƙida. Malamanmu sun yi magana mai zafi a kan rataya abu da imanin cewa shi ke kore sharri, wasu ma za su ce ki bar shi gaba ɗaya, kuma ban ga laifin wadda ta ji a ranta gara ta bari ba. Ni dai saƙar nake so, matsayinsa a ɗakina matsayin faifan ado da ke jikin bango. Mugun mafarki kuwa an koya mana abin yi: tofi sau uku ta hagu, neman tsari daga Shaiɗan, sauya gefen kwanciya, da kama baki.

Kayan aiki

Duk ma'aunin da zan bayar na zobe mai faɗin santimita 15 ne, wato inci 6 a tef ɗin tela. Shi ya fi dacewa da mai koyo: bai yi ƙanƙantar da yatsu za su kasa shiga ba, bai yi girman da zai cinye miki yini ba.

Za ki nemi zobe ɗaya mai tauri. Sai abin naɗi mita biyu da rabi zuwa uku, ko zirin fata mai laushi mai faɗin kusan rabin santimita, ko ribon, ko zaren ulu mai kauri. Sai zaren saƙar raga mita uku, da wani zirin fata ko igiya mita biyu na jela. Sai duwatsun ado, ƙanana biyu ko uku na cikin raga, manya masu faɗin huda shida zuwa goma na jela. Gashin tsuntsu shida. Almakashi, allura mai babban ido, gam, alli ko biro, tef, da abin matse shanya guda biyu.

Fata a wurin dukawa za ki samu, kuma ba sai kin sayi sabuwa ba. Ki tambayi ragowar yanke-yanke, ki roƙa a fitar miki da ziri dogo. Jar fatar akuya irin ta Sakkwato tana da laushi, tana kwanciya a jikin zobe ba gardama. Wadda ke Kano, a Kasuwar Kurmi za ta haɗa fata da duwatsu da wuri a zagaye ɗaya.

Zaren raga shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Zaren keken ɗinki ya yi siriri, yana tsinkewa ana tsakiyar aiki. Ulu yana miƙewa, bayan wata biyu ragar ta saki. Zaren kamun kifi na roba santsi gare shi, ƙulli ba ya zama inda aka ajiye shi. Wanda ya fi duka shi ne zaren masu gyaran takalmi, mai ɗan danƙo a jiki, domin da kin ja ƙulli sai ya kama ya tsaya. Idan ba ki same shi ba, ki ɗauki zaren auduga mai kauri irin na saƙar kwarashi, ki ja shi sau uku a kan kakin zuma ko gindin kyandir. Za ki ji bambancin a yatsunki nan take.

Zoben

Hanya mafi sauƙi ita ce zoben ƙarfe da ake samu wurin masu kayan ɗinki da na jaka, ko zoben katako na masu surfani, wanda na cikinsa kawai za ki ɗauka. Bakin tsohuwar rariya ma yana yi idan kina son mai faɗi. Idan waya kawai gare ki, kada ki maimaita kuskurena: ki zagaya ta sau biyu ko uku a jikin gwangwani ko ƙaramar tukunya, ki ɗaure da siririyar waya a wuri huɗu, ki matsa ta tsakanin tafukanki. In ta lotsa da sauƙi, zare ma zai lotsa ta.

Ojibwe da ɗanyen reshen wilo suke yi, wata bishiya mai son bakin ruwa wadda rassanta ke lanƙwasuwa ba su karye ba. A nan geza ce ta fi kusa da ita a hali, shi ya sa ake saƙa kwando da ita, tsumagiyar tsamiya ma tana yi. Ki yanko ɗanya wadda kaurinta bai kai fensir ba, tsawonta kamar santimita 55, ki zage ganyen. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a nan ba karin magana ba ce, umarni ne: ranar da kika yanko ranar za ki lanƙwasa, in kuma ta kwana ki jiƙa ta cikin ruwa tukuna. Kada ki haɗa bakin biyu gaba ɗaya. Ki bi ta da manyan yatsunki kaɗan-kaɗan daga gindi zuwa kai, kina tausa ta tana ba ki, sannan ki zagaya ta a jikin gwangwanin, ki ɗora kai a kan gindi su haɗu kamar tsawon yatsa, ki ɗaure tam. Ki bar ta a inuwa kwana biyar zuwa mako. Ba za ta fito da'ira cif ba, kuma ni a ganina nan kyanta yake. Irin wannan zoben ba ya buƙatar naɗi, sai dai ki rufe wurin haɗin da fata.

Naɗi

Wannan sashen ba wuya, haƙuri kawai yake ci. Ki ɗiga gam a jikin zoben, ki ɗora bakin zirin, ki matse da abin shanya har ya kama. Sai ki fara naɗewa a ɗan karkace, kowane zagaye yana taɓa gefen na bayansa ba tare da ya hau kansa ba. Fata tana son juyawa ta nuna cikinta, ki riƙa miƙe ta da yatsa. Bayan kowane zagaye goma ki ɗiga gam kaɗan. Idan za ki tashi, ki matse inda kika tsaya, in ba haka ba ki dawo ki tarar ya warware.

Gam fari irin na kafintoci ko na masu takalmi ya isa. Ki guji sufa-gulu: yana sandarar da fata, yana barin farin tabo, kuma idan ya haɗu da auduga ko ulu zafi yake yi har ya iya ƙona yatsa.

Da kin zagayo inda kika fara, ki haye bakin farko da zagaye biyu, ki ƙulle. Ragowar zirin kada ki yanke, ki lanƙwasa shi ki yi maratayi mai tsawon yatsa, ki sake ƙullewa a gindi. Nan ne saman aikinki. Ba don kyau kaɗai ake naɗin ba; shi ke hana ƙullin layin farko zamewa a jikin ƙarfe.

Sa alama

Zobe mai faɗin santimita 15, kewayensa kusan santimita 47 ne. Za mu kafa raga a wuri takwas, adadin ƙafafun gizo-gizo. Sai dai ga dabarar da ba a cika faɗa ba: ba rabo takwas daidai za ki yi ba. Ki raba kewayen gida bakwai da rabi. Wato daga gindin maratayi ki auna santimita 6 da ɗigo 3 ki sa alama, ki sake, ki sake, har alama bakwai. Tazarar da za ta rage tsakanin alama ta bakwai da maratayi za ta zama rabi, kusan santimita 3. Wannan ɗan gajeren gurbin shi ke sa saƙar ta zarce daga layi na ɗaya zuwa na biyu kamar dodon koɗi, ba tare da an ga inda wani ya ƙare wani ya fara ba. Idan kika raba daidai, sai an sami wuri guda da zare ya taru ya yi ƙullutu.

In zobenki ya fi haka girma, ki ƙara wuraren kafawa. Mai faɗin santimita 25 zai so goma sha biyu ko sha uku, ƙa'idar dai ita ce gurbin ƙarshe rabin sauran. Yawan wuraren kafawa yana ba da raga mai ƙananan idanu, yana kuma cin zare da lokaci.

Saƙar

Ki ɗaure bakin zaren a gindin maratayi da ƙulli biyu. Ragowar mita ukun ki naɗe a jikin guntun kwali siriri ko tsinke, yadda zai riƙa wucewa ta cikin raga bai harɗe ba.

Yanzu ƙullin. Zan kira shi sarƙe. Ki riƙe zoben da hagu, fuskarsa na kallonki, ki bi ta dama kamar tafiyar agogo. Ki kai zaren alama ta farko. Ki ɗora shi a kan zoben ta gaba, ki zagaya da shi ta baya, sannan ki fito da shi ta cikin 'yar tagar da ta samu tsakanin jikin zoben da zaren da kika jawo daga maratayi. Ki ja shi ya nufi alama ta biyu. Shi ke nan. Zaren ya rungumi zoben ya kuma haye kansa. Idan kin saki kika ga ya zare gaba ɗaya, to ba ki bi ta cikin tagar ba, ta waje kika fito. Ki maimaita sau uku ko huɗu a wuri ɗaya har hannunki ya haddace kafin ki ci gaba.

Kowane sarƙe kika yi, ki danne shi da babban yatsan hagu, kada ki ɗaga sai na gaba ya zauna. Haka za ki bi alamomin bakwai.

A wannan layin na farko ne ake cin nasara ko a faɗi. Zaren da ke tsakanin alama da alama ya miƙe, amma kada ya yi tauri kamar tsirkiyar baka. Ki taɓa tsakiyarsa da yatsa: ya kamata ya ɗan ba ki, ya lotsa kamar rabin santimita. Dalili kuwa, layi na biyu zai jawo shi ciki, na uku ya jawo na biyu, kowane layi yana ƙara wa na bayansa nauyi. Idan kin ƙure shi tun farko, ba inda ƙarfin zai tafi sai jikin zoben, ko ya lanƙwashe ko zaren ya tsinke. In kuma kin sake shi da yawa yana lilo, idanun waje za su yi girma, na ciki su cunkushe.

Daga alama ta bakwai kada ki koma jikin zobe. Ki tsallake maratayi, ki nufi tsakiyar zaren farko, wanda ke tsakanin maratayi da alama ta ɗaya. A nan za ki yi sarƙen, a jikin zare maimakon jikin zobe: ta gaba, ta baya, ta cikin taga, ja. Da kin ja za ki ga zaren da ke miƙe ya karyo ciki ya yi kusurwa. Sai tsakiyar zare na biyu, sai na uku. Kin shiga layi na biyu ke nan, kuma daga nan babu sabon abu har ƙarshe. Kullum tsakiyar zaren da ke gabanki kike nema.

Kalmar "tsakiyar" ita ce abin lura. Sarƙe yana son zamewa ya koma wajen da kika fito, saboda can ne ake jansa. Don haka ki ajiye shi ya ɗan gota tsakiya kaɗan ta gaba, idan kin ja zai dawo daidai. In ya kauce, ki tura shi da farce kafin ki wuce. Kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba a layi na biyu, a layi na shida ya zama rami a gefe.

Daga layi na uku ki fara ƙara ƙarfin ja, kaɗan-kaɗan. A nan ne siffar ke bayyana, idanun su buɗe kamar furen kabewa. Duk layin da kika gama, ki miƙa hannu ki riƙe zoben nesa da fuskarki, ki dube shi ta wajen haske. Abin da ido bai gani a kusa, daga nesa yake fitowa. In kin ga ɓaraka, ki warware zuwa wurin. Sarƙe ba ƙulli ne mai kamewa ba, da bakin allura ake zare shi, kuma warware biyar yanzu ya fi ki gama ki riƙa kallon aibin kullum a bango.

Wajen layi na huɗu tagogin za su ƙanƙance har kwalin ya kasa wucewa. Ki warware ragowar zaren ki zura a allura. In kan allurar na da tsini sosai, ki goga shi a dutse ya dakushe, don kada ya riƙa tsaga zaren.

Dutsen cikin raga

A layi na uku ko na huɗu ake sa shi. Ki zura dutsen a zaren, ki tura shi har ya kusa sarƙen da kika gama, sannan ki yi na gaba. Zai zauna a tsakanin biyun. Idan kin zagayo kansa a layi na gaba, ki tura shi gefe ɗaya ki yi sarƙenki a tsakiya kamar kullum. Da yawa suna sa ɗaya tak, a matsayin gizon da ke zaune a gidansa, kuma ni ma na fi son haka. Na taɓa jera goma sha biyu a raga ɗaya, nauyinsu ya ja ta ƙasa, saƙar da na ɓata yini a kanta ta ɓace a bayan ƙyalƙyali. Murjani ɗaya ko wani dutsen ado ɗaya a kan farin zare ya ishi ido.

Rufewa

Ki ci gaba har ramin tsakiya ya rage kamar yadda babban yatsanki zai shiga, santimita biyu ko ƙasa da haka kaɗan. A zoben wannan girman yawanci layi shida zuwa takwas ne, ya danganta da yadda kike ja. Ki yi ƙoƙari ki tsaya a ƙasan ramin. Ki ja zaren a hankali har ki ga ragar duka ta ɗaure, in kin ƙyasta ta da yatsa ta yi tsalle. A sarƙen ƙarshe ki yi biyu a wuri ɗaya, ki ƙara ƙulli na sosai, ki ɗiga gam da kan tsinke. Sai ya bushe za ki yanke. Wasu ba sa yankewa, sai su bar zaren ya sauko su ɗaura masa ɗan ƙaramin gashi ya riƙa reto a tsakiya, kuma wannan ya fi kusa da tsohon salon.

Gashi da jela

Gashin zabo ba shi da na biyu a wannan aikin, ɗigo-ɗigon nan nasa kamar da gangan aka zana. Na wuyan zakara yana da sheƙi, na agwagwa fari ne yana karɓar rini, na talo-talo kuma ya dace da babban zobe. Ki je wurin masu fige kaji da sassafe ki roƙi a cire miki busasshe kafin a tsoma cikin ruwan zafi. Ba sai an taɓa tsuntsun daji ba. A Amurka ma gashin gaggafa yana ƙarƙashin doka tun 1940, 'yan ƙabilun asali ne ake ba izinin riƙe shi don al'adarsu.

Kada ki kai gashi ɗaki ba ki wanke ba, yana ɗauke da ƙananan ƙwari. Ki kaɗa shi cikin ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ki ɗauraye, ki shimfiɗa a kan tawul a inuwa. Zai fito a jiƙe kamar ba zai ƙara moruwa ba, kada ki damu. In ya bushe ki shafa shi da yatsu biyu daga gindi zuwa kai, zai koma yadda yake. Wanda ya tsage, ki riƙe shi a kan tururin buta na ɗan lokaci ki sake shafawa, sai ya haɗe.

Ki yanka zirin jela uku, na tsakiya santimita 60, na gefe biyu 45 kowanne. Ki ninka kowanne biyu, ki cusa lanƙwasar ta ƙarƙashin zoben, ki zura bakunan biyu ta cikinta ki ja. Na tsakiyar ya kasance daidai ƙarƙashin maratayi. Ki rataya zoben a ƙusa ki duba kafin ki ƙara na gefe, domin in ya kauce abin zai riƙa karkata. Yanzu kina da bakuna shida masu reto.

A kowane baki ki zura babban dutse ɗaya ko biyu, ki tura su sama. Ki ɗora gindin gashin a jikin zirin, ki ɗiga gam, sannan ki jawo dutsen ƙasa ya haɗiye gindin gashin da zirin tare. In hudar ta yi faɗi dutsen na zamewa, ki naɗe gindin da zare sau biyar ko shida kafin ki jawo shi. In ta yi ƙunci, ki fere bakin zirin da almakashi ya yi tsini. Gashi yana da ciki da baya, ki juya su duka su fuskanci gaba tun gam bai kama ba. Kada ki daidaita tsawon jelar kamar an yi mata aski. Ki bar wata ta fi wata, na tsakiya su fi sauka.

Inda za ki rataya

Ki nemi wurin da iska ke ɗan motsa gashin amma rana ba ta dukansa kai tsaye, don rana tana kashe launin fata da na gashi cikin 'yan watanni. Kada ki rataya shi inda hannun jariri ko mai rarrafe zai kai. Dutse yana iya cirewa ya shiga baki, jela kuma igiya ce. Nesa da kyandir da kaskon turaren wuta, gashi ba ya wasa da wuta.

Lokacin hunturu ƙura za ta cika idanun ragar. Ki fitar da shi waje ki bi shi da busasshen burushin haƙori mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, gashin kuma ki hura masa iska kawai. Ruwa ba ya taɓa shi. Da damina, in bangon na tsatsafo da danshi, ki ɗauke shi daga nan kafin fatar ta yi fumfuna. Na reshen itace kuwa ki sani ba na dindindin ba ne: yana bushewa, zare na jansa, wata rana zai tsage. Masu abin ma haka nasu yake, na jarirai ne, ba a yi shi don ya wuce ƙuruciya ba.

Idan hannunki ya faɗa, ki gwada ƙarami da tsohon awarwaro na ƙarfe. Kewayensa bai fi santimita 21 ba, ki raba gida biyar da rabi ki kafa a wuri shida, ki naɗe da siririn zare, ki yi saƙar da allura tun daga layin farko. Layi huɗu ya rufe. Gashin ƙirjin zabo guda ɗaya ya ishe shi.